Motar da ke shan iska ba ta ɗigar da mai: sauya layin dizal na wata mota mai ɗaki a Suame Magazine

Motar Mercedes 310D ce, ƙirar 1993, irin wadda Turawa ke ɗora wa ɗaki a baya su tafi yawon hutu da ita. A ciki akwai gado biyu, ɗan kicin mai murhun gas, firji, banɗaki da tankin ruwa. Wani Alhaji mai sana'ar hatsi a unguwar Aboabo ta Kumasi ne ya saye ta ta hannun ƙaninsa da ke Jamus, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, aka koro ta Kumasi. Ba don ado ya saye ta ba. Mahaifiyarsa ta manyanta, bayanta ba ya jure zaman kujera, kuma ba ta yarda a tafi Maulidin da ake yi a garin Prang a bar ta a gida. A wannan mota tana iya kwanciya tun daga ƙofar gida har a isa. In an cire wannan tafiya da 'yan zuwa Ejura da Atebubu lokacin kaka, motar a ajiye take wuni take kwana, wani lokaci sai ta yi wata biyu ba a murɗa makullinta ba.

Ƙashin motar ba baƙo ba ne a Kumasi. Dangin bas ɗin nan ce da ake kira 207, wadda ta daɗe tana jigilar fasinja a hanyoyin Ghana, jerin motocin da aka yi ta ƙerawa daga 1977 zuwa 1995. Injinta OM602 ne, mai silinda biyar, lita 2.9, ba kwamfuta ba komai. Yaron da ya yi shekara biyu a gareji a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya taɓa sa hannu a irinsa. Sai dai wannan sabo ya taimaka wajen ɓatar da mutane. Bas ɗin haya kullum tana kan titi, tiyonta ɗaya bayan ɗaya ake sauyawa duk sanda ya fashe, har a wayi gari babu na asali ko guda. Ita kuwa wannan, duk wanda ya leƙa mita ya ga ɗan tafiyar da ta yi sai ya ce ai sabuwa ce. Roba ba ruwanta da mita, shekaru take ƙirgawa.

Ciwon da safiya ya fara. A murɗa makulli kik ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, kafin injin ya kama. In ya kama sai ya yi ta kakkarwa yana fitar da farin hayaƙi na ɗan lokaci, sannan ya daidaita. Daga nan har dare, taɓawa ɗaya take tashi. Bakaniken farko ya sauya fulogin ɗumama guda biyar, kuma ban ga laifinsa ba, domin irin wannan injin ba ya son tashi da safe in sun mutu. Bai yi magani ba. Aka sayi sabon batir. Can kik ya ƙone, saboda yawan dannawar da ake masa, aka gyara shi aka ɗauka shi ne tushen matsalar alhali shi ma wanda abin ya shafa ne. Aka sauya filta, motar ta yi kwana uku lafiya lau, Alhaji ya yi murna. Dalilin wannan 'yar lafiya shi ne wanda ya ɗaura sabuwar filtar ya cika ta da dizal, ya kori iskar da ta taru, ba wai tsohuwar ce ta lalace ba. Da abin ya dawo aka cire nozul aka kai wurin masu gwaji. Mataki na gaba da aka shirya shi ne a sauke babban famfon injekta gaba ɗaya, aikin da ya fi duk na baya tsada.

Kafin a kai ga haka motar ta tsaya a hawan Jamasi, kan hanyar Mampong. Tana ɗauke da iyali, tankin ruwa cike, ga kayan abinci. A tsakiyar hawan ƙarfinta ya fara zubewa, direba ya take totur har ƙasa ba ta amsa ba, ta mutu. Aka sa duwatsu a bayan tayoyi. Bayan kamar kwata na awa aka gwada ta tashi, aka lallaɓa da ita a giya ɗaya har saman tudu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma kamar ba ita ba. Alhaji ya ɗora laifin a kan gidan man da suka sha dizal da safe, ya ce gurɓatacce aka sayar musu.

Bakaniken da aka kai wa motar bayan sun dawo dattijo ne daidai gwargwado, ɗan Zango, wanda ya yi rayuwarsa a kan injinan Benz. Kowa Masta yake ce masa. Bai buɗe boneti ba sai da ya zaunar da Alhaji a benci ya yi masa tambayoyi.

"Alhaji, in tanki na cike, haka take yi muku da safe?"

"A'a, da sauƙi. In ya yi ƙasa ne ta fi taurin kai."

"A gida ina take fuskanta in kun ajiye ta?"

Ashe filin gidan gangare ne, kuma kullum hancinta na sama, gindinta na ƙasa.

"Kun taɓa ganin ɗigon mai a inda take kwana?"

"Ko ɗigo, Masta. Ƙasan nan fes yake."

"To shi ya sa ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta."

A wannan mota babu famfon lantarki a cikin tanki da ke turo mai gaba. Akwai ɗan ƙaramin famfo manne a jikin babban famfon injekta, injin ne ke motsa shi, kuma aikinsa zuƙowa ne. Shi ke jawo dizal tun daga tanki, ta bututun da ya bi jikin shasi, ta 'yar ƙaramar filta mai haske, sannan ya tura shi cikin babbar filta zuwa famfon injekta. Daga can ne ake matsa man da ƙarfin da ya haura 100 a ma'aunin matsi na "bar" zuwa nozul ta bututun ƙarfe masu kauri. Rarar da injin bai sha ba tana komawa tanki ta wani layin dabam. Ke nan layin ya kasu biyu. Daga ƙaramin famfo zuwa gaba, man a matse yake, in akwai huda zai tsarto waje kowa ya gani. Daga ƙaramin famfo zuwa baya kuwa ja ake yi, in akwai huda iska ce za ta shiga, mai ba zai fito ba. Wanda ya taɓa shan lemo da tsinken roba mai tsaga ya san abin: ka yi ta zuƙa, kumfa ke zuwa bakinka, kuma ko ɗigo bai zuba a rigarka ba.

Sauran alamun duk daga nan suka fito. Da dare iska na shiga ta hudar, man da ke cikin layin ya sulale ya koma tanki, musamman da yake hancin motar na sama. Da safe sai kik ya yi aikin jawo shi tun daga farko. In tanki na cike, tazarar da za a ɗaga man kaɗan ce, shi ya sa take sauƙi. A kan hawa kuma, lokacin da injin ke neman mai da yawa, jan ya fi ƙarfi, iskar da ke shiga ta fi yawa.

Gwajin da Masta ya yi bai ci ko sisi ba. Ya sa yaronsa ya wanke jarka mai lita biyar, aka zuba dizal mai tsabta, aka cire tiyon da ke zuwa daga tanki aka sa wani gajere daga jarkar kai tsaye zuwa ƙaramar filta. Layin komawa ma aka juyo shi cikin jarkar, in ba haka ba cikin 'yan mintuna za ta ƙare, man ya tafi tanki. Injin ya tashi, ya yi aiki sumul. Aka kashe, aka ɗaure jarkar a wurin, aka bar motar ta kwana hancinta a sama. Washegari murɗawa ɗaya ta kama. Famfon injektan da aka yi niyyar saukewa ya fita daga zargi, nozul ma haka.

Sai aka mayar da layin tanki, aka saka guntun tiyo mai haske a tsakani don a riƙa ganin abin da ke wucewa. A silo, wato injin na aiki ba a taɓa totur ba, ƙananan kumfa ne ke bin juna jefi-jefi. Da yaron ya ja totur sai man ya koma fari fat. Masta ya riƙa matsar da guntun tiyon baya, gaɓa bayan gaɓa, yana duba inda kumfar ke farawa. Ba wuri ɗaya ba ne.

Na farko ƙarami ne. A jikin injin akwai wata 'yar na'ura da ke ɗumama dizal da ruwan injin, don kada ya daskare a hunturun Turai. Zoben robar da ke cikinta ya bushe yana shigar da iska. A Kumasi ba ta da aikin yi, sai aka zagaye ta aka haɗa layin kai tsaye.

Na biyu ya ba da wahala kafin a gan shi. Wani daga cikin waɗanda suka mallaki motar a Jamus ya ɗaura hitar ɗumama ɗaki mai shan dizal, kuma maimakon ya ba ta nata bututun daga tanki, sai ya yanke babban layin ya sa mahaɗi mai baki uku. Wurin yana ƙarƙashin daɓen ɗakin, a bayan tankin ruwan wanke-wanke, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance tankin. Alhaji bai ma san motar na da hita ba, wa zai kunna hita a Aboabo? Siririn tiyon da ya tafi wurinta ya bushe ya tsattsage, da Masta ya lanƙwasa shi sai ya karye a hannunsa. Motoci masu ɗaki sun fi sauran yawan irin wannan, domin kamfani ɗaya ne ya ƙera ƙashin, wani ya gina ɗakin a kai, sannan kowane mai ita ya ƙara abin da ya ga dama. Hanyar da bakanike ya saba bi ya kai hannu a bas ɗin haya, a nan an rufe ta da katako da tankuna.

Na uku bututun ƙarfen da ya bi shasi ne. In ka kalle shi daga nesa lafiyarsa ƙalau, baƙin fenti ma bai gama fita ba. Sai da aka kwance maƙallan da ke riƙe shi aka ga ɓarnar. A ƙarƙashin kowane maƙalli ƙarfen ya kumbura ya yi ɓawo ja, domin nan ne ruwan gishirin da ake watsa wa titunan Jamus lokacin ƙanƙara yake maƙalewa ya kwana. Masta ya kankare wuri ɗaya da bakin sukudireba, ya toshe ƙarshen bututun da yatsa, yaron ya hura iska kaɗan ta ɗaya ƙarshen bayan an shafa ruwan sabulu. Kumfa ta taso a wuri biyu, ramukan ba su kai kan allura ba.

Na huɗu shi ne ya bayyana abin da ya faru a Jamasi. Gajeren tiyon da ya fito daga saman tanki, wanda bai fi kamu ɗaya ba, daga waje ba shi da tsaga ko ɗaya. Masta ya matsa shi ya ji wani wuri ya yi laushi fiye da sauran, sai ya tsaga shi a tsaye da reza ya buɗe. Fatar ciki ta rabu da zaren da ke tsakiya, ta yi laɓa-laɓa, baƙa, tana manne wa yatsa. In ana jan mai a hankali tana kwance, man ya wuce. In jan ya yi ƙarfi sai ta taso ta rufe hanya. Injin ya mutu, jan ya saki, ta koma ta kwanta, shi ya sa bayan ɗan jira motar ke tashi kamar ba abin da ya faru. Baƙin garin da aka riƙa gani a ƙaramar filta, wanda aka ce dattin gidan mai ne, rabinsa wannan robar ce ke marmashewa.

Shekara talatin da ɗoriya sun isa su kashe kowane tiyo, amma akwai abubuwan da ke gaggauta shi. Robar da ake yin tiyon mai da ita a wancan zamani ba ta shiri da man da ake tatsa daga tsirrai, kuma tun 2009 dizal ɗin Jamus na iya ɗaukar har kashi 7 cikin 100 na irin wannan man. Nan gida kuma, a 2017 Ghana ta rage farar wutar da aka yarda da ita a dizal ɗin da ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan. Alheri ne ga huhun jama'a da injinan zamani. Sai dai tacewar da ke cire farar wuta tana rage wasu sinadaran da ke sa tsohuwar roba ta ɗan kumbura ta kama gaɓa, in sun ragu sai ta tsuke. Ga zafi, ga zaman wuri ɗaya. Motar da ke ajiye ta fi mai yawo saurin bushewar roba.

A nan aka ɗan ja. Wani maƙwabcin garejin, mai aikin wayarin, ya ba da shawarar da ake yawan bayarwa: a ɗaura ƙaramin famfon lantarki kusa da tanki ya riƙa turo man, shi ke nan an huta da wahalar safiya. Alhaji ya so abin, don ba tsada kuma aikin awa ɗaya ne. Masta ya ƙi.

"Alhaji, yanzu iska ke shiga ta ramukan nan. In muka sa abin da ke turawa, mai ne zai riƙa fita ta cikinsu. Ga salansa nan kusa, ga tukunyar gas a sama, kuma mutane ke kwana a ciki. Ni ba da hannuna ba."

Ina ganin gaskiyarsa. Dizal ba ya kama wuta da sauri kamar fetur, sai ya ɗumama ya haura digiri 55 kafin tururinsa ya kama, amma jikin salansa a kan hawa ya ninka haka sau da yawa. Alhaji ya koma kan a yanke wuraren da suka huje kawai a yi musu faci da tiyo. Masta ya nuna masa maƙallan da ba a kankare ba tukuna, duk da irin ɓawon nan. Kowane faci gaɓa biyu ne sababbi, kowace gaɓa kuma ƙofar iska ce. Tunda dai sai an sauke tanki an kwance na ruwa, kuɗin aikin ɗaya ne ko an sauya kamu ɗaya ko an sauya duka. Aka tsaya a kan sauya layin zuwa da na komawa gaba ɗaya.

Sayen kayan ya fi ɗaura su wuya. A Magazine ba abin da babu, matsalar ke nan. Ka ce kana son tiyon mai na milimita 8, a miƙo maka na ruwa, ko na iskar kwamfuresa, ko jan nan na tukunyar gas, ko fari mai haske da ake sa wa janareta, kuma duk za su shiga bakin bututun daidai. Mai hasken nan yana da amfani wurin gwaji kawai, in ya zauna cikin dizal da zafi sai ya ƙandare ya saki gaɓa. Masta da kansa ya je, yana karanta rubutun jikin tiyon. Abin da ake nema shi ne SAE J30 R7 ko R9, ko lambar Jamus DIN 73379. R9 ya fi tsada, cikinsa an shimfiɗa wata roba da ke jure man zamani, shi aka saya. Wanda zai zauna tsundum a cikin tanki kuwa dabam ne, R10, domin sauran cikinsu kawai aka yi don mai, bayansu ba ya jurewa. Rubutu a jikin tiyo ba ya hana a yi jabu, amma wanda ba rubutu ko kaɗan ba a ma tsayawa ciniki.

Don dogon layin, wani ya kawo bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji, yana yabon sauƙin lanƙwasarsa. Aka mayar. Jan ƙarfe na sa dizal saurin lalacewa ya yi danƙo, balle a motar da mai ke wata biyu a cikinta, kuma girgiza na sa shi tsagewa. Bututun da aka shafa wa tutiya ma ba a sa wa dizal. Aka ɗauki baƙin bututun nailan irin na manyan motoci, guda ɗaya tun daga tanki har injin ba yanka, tiyon roba a ƙarshensa biyu kawai.

Kafin a kwance komai an tura motar nesa da masu walda, abin da ba shi da sauƙi a Magazine. Aka sauke tukunyar gas aka kai ta waje. Aka cire batir biyu, na injin da na ɗaki. Mutane kan manta da na biyun, alhali wayoyinsa na bin hanya ɗaya da layin mai. Aka zuƙe dizal ɗin cikin jarkoki, aka sauke tankin. A gindinsa akwai ruwa da wani baƙin yauƙi, irin wanda ƙwayoyin halitta ke yi a inda ruwa ya haɗu da dizal. Tankin da ke zaune rabi, iskar da ke cikinsa na yin raɓa da dare, ruwan ya gangara ƙasa. Aka wanke shi aka shanya.

Yaron ya ɗaura jan zare a layin zuwa tun kafin a cire tsohon, don kada a juya su. Sabon bututun ya bi hanyar tsohon, sai wuri ɗaya da aka ɗaga shi don ya ƙara nisa da salansa. An riƙe shi da maƙallai masu roba a ciki, kusan kowane kamu biyu, kuma duk inda ya ratsa ƙarfe an sa masa riga. A bakin nailan an cusa ɗan bututun ƙarfe siriri don kada kilif ya murƙushe shi. Kilif ɗin ma ba irin mai ramuka ba ne da ke cin roba in an matsa, an sa mai santsin ciki wanda ke kamawa zagaye ɗaya. Mahaɗin hita aka jefar, aka cire fis ɗinta. Siraran tiyo masu rigar zare da ke tsakanin nozul, da yake sun fara jiƙewa, su ma aka sauya su, tare da filta biyun.

Wannan injin ba shi da famfon hannu irin na tsohuwar 207, da kansa yake korar iska ta layin komawa. Aka cika babbar filta da dizal mai tsabta, aka riƙa danna kik na daƙiƙa goma zuwa sha biyar ana hutawa a tsakani. A karo na uku ya kama. Guntun tiyo mai haske ya nuna kumfa na ɗan lokaci, sannan man ya koma garau, a silo da kuma in an ja totur. Aka cire shi. Motar ta kwana biyu a garejin da kwatan tanki, hancinta a sama, tana tashi murɗawa ɗaya. Ranar gwaji aka cika tankin ruwa, aka loda buhunan masara don nauyi, Masta ya zauna gefen direba suka hau Jamasi ba tare da ta yi tari ba.

Ya ce wa Alhaji in za a ajiye ta a riƙa cika tanki, kuma duk sati biyu a fita da ita ta yi zafi sosai, ba a tayar da ita a tsaye kawai ba. A riƙa leƙa ƙaramar filta, in ta sake yin baƙi a dawo. Sannan ya ja shi ƙarƙashin motar ya haska masa tocila. Bututun birki na bin shasin gefe da gefe da tsohon layin mai, a cikin maƙallai iri ɗaya, da ɓawon tsatsa iri ɗaya. Alhaji ya daɗe yana kallo, ya fito ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙa wa Masta makullin ya ce a fara na birkin ranar Litinin.